Hanyar Gonakin Inabi ta Cape: Tarihin da Ke Bayan Fararen Gidaje

A tsakanin Fabrairu da Maris, lokacin da sanyin hunturu ke yi mana sallama, a can ƙarshen kudancin nahiyar Afirka kakar inabi ce ta kama. Motoci kan fito daga birnin Cape Town da sassafe su nufi gabas, inda manyan duwatsu suka kewaye kwaruruka, kowane kwari shimfiɗe da layukan inabi har iyakar ganin ido. A tsakiyar gandayen akwai tsofaffin gidaje farare fat, masu rufin ciyawa da dogon goshi mai zayyana, ga itatuwa sun yi musu inuwa. Masu yawon buɗe ido kan tsaya gandu bayan gandu, su ci, su sha, su ɗauki hoto, su koma gida suna cewa sun ɗanɗani zamanin da.

Waiwaye adon tafiya ne, amma waiwayen da ake sayar wa baƙo a wannan hanya na ido ɗaya ne. Za a nuna masa zauren maigida da ɗakin ajiyar giyarsa, a wuce da shi da sauri ta gaban ƙararrawar da ke rataye a tsakar gida, wadda da ita ake tada bayi da asuba. Wanda ya bi hanyar a tsanake, zango zango, zai tarar da tarihin shekara fiye da 360, zai kuma ga cewa Musulmi, wanda addininsa ya haramta masa giya, yana da kaso babba a cikin labarin.

Lambun kamfani

A ranar 6 ga Afrilu, 1652, Jan van Riebeeck ya iso gindin Dutsen Tebur da jiragen ruwa uku. Ma'aikaci ne na VOC, kamfanin fatauci na Holan wanda jiragensa ke jigilar kanumfari da masoro da kirfa daga tsibiran Indonesiya zuwa Turai. Tafiyar kan ci wata da watanni, matuƙa da yawa kan mutu a hanya saboda ciwon da ke ruɓar da dasashi, wanda rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ke haddasawa. An aiko shi ne ya kafa zango inda jirage za su sami ruwa da nama da kayan lambu. Ragowar lambun tana nan a tsakiyar Cape Town, mutane na shan iska a ciki.

Yanayin wurin irin na kudancin Turai ne. Ruwa na sauka a lokacin sanyi, daga Mayu zuwa Agusta, rani kuma ya zo da rana mai ƙarfi da iskar kudu maso gabas mai busar da laima. Van Riebeeck ya roƙi a aiko masa da irin inabi, aka dasa a 1655. A ranar 2 ga Fabrairu, 1659, ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa an matse inabin Cape karo na farko, kuma daga wannan rana masu sana'ar ke ƙidayar shekarunta har yau.

Ƙasar kuwa da masu ita. Khoikhoi makiyaya ne masu shanu da tumaki, suna kewaya makiyayarsu bisa ga sauyin yanayi. Da kamfani ya sallami wasu ma'aikatansa a 1657 ya yanka musu gonaki a bakin kogin Liesbeek, a kan burtalin Khoikhoi ya yanka. Yaƙi ya ɓarke a 1659, wato shekarar da aka matse inabin farko, mai bindiga ya yi nasara. Abin da bindiga ta rage, annobar agana ta 1713 ta kusa ƙarasawa.

Makiyayi mai shanunsa ba ya yarda ya zama lebura, don haka kamfani ya koma ga bayi. A 1658 jirage biyu suka sauke su: Amersfoort da bayin Angola da ya ƙwace daga wani jirgin Fotugal, yawancinsu yara, sai Hasselt da mutum 228 daga gaɓar tekun yankin Dahome, maƙwabtanmu na Afirka ta Yamma. An buɗe wa yaran makaranta don su koyi Holanci da addu'o'in Kirista, ladan wanda ya mai da hankali kuwa kofin barasa ne da guntun taba. Tun daga wannan aji giya ta zama linzamin da ake jan ma'aikaci da shi a Cape, ba a kuwa cire shi ba sai bayan shekara fiye da 300. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa zuwa 1808 an shigo da bayi kimanin 63,000, galibinsu daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indonesiya.

Constantia: giyar sarakuna da hubbaren fursunoni

Kwarin Constantia yana bayan dutsen, kimanin kilomita 20 daga tsakiyar birni. A 1685 kamfani ya ba shugaban zangon na lokacin, Simon van der Stel, fili mai faɗin hekta fiye da 750 a nan. Mutum ne mai son noma da tsari, ya riƙa tsawata wa manoma kan tsinke inabi kafin ya nuna da zuba ruwansa a ƙazaman ganguna. Kakarsa ta wajen uwa 'yantacciyar baiwa ce 'yar asalin Indiya, amma wannan bai hana shi tara bayi a gandunsa ba.

Sunan Constantia ya kai ƙololuwa bayan Hendrik Cloete ya sayi babban ɓangaren gandun a 1778. Zuriyarsa ta ƙware a wata giya mai zaƙi da ake yi da inabin da aka bari a jikin kuranga har ya fara zama zabibi. Fadojin Turai suka riƙa sayenta da tsada. Marubuciyar Ingila Jane Austen ta ambace ta a littafinta na 1811, haka Napoleon, da aka tsare shi a tsibirin St Helena daga 1815 har mutuwarsa a 1821, ita ake aika masa a kai a kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: sunan Cloete ya zaga duniya, sunayen masu yanka da matsewa kuwa sai a takardun ƙidayar dukiya, tare da shanu da ganguna.

Akwai waɗanda suka riga Van der Stel zuwa kwarin. A 1668 kamfani ya kawo wasu manyan mutane daga tsibirin Sumatra a ɗaure, saboda sun yi masa turjiya, ya jefa biyu daga cikinsu a dajin Constantia: Shehu Abdurrahman Matebe Shah da Sayyid Mahmud. Hubbaren na farko yana daidai ƙofar gandun Klein Constantia, kurangun inabi sun kewaye shi. Musulmin Cape na kiran irin waɗannan hubbarori kramat, kuma al'adarsu ce maniyyaci ya zagaya su ya yi ziyara kafin ya tashi zuwa Makka.

Macassar: inda Musulunci ya kama ƙasa

Idan aka bi gaɓar teku zuwa gabas har inda kogin Eerste ke shiga teku, za a iske wani hubbare a kan tudu. Na Shehu Yusuf ne, mutumin Makassar da ke tsibirin Sulawesi. An haife shi a 1626, ya daɗe yana karatu a ƙasar Larabawa, ya zama babban shehin ɗariƙar Khalwatiyya, sannan ya tsaya tare da Sarkin Banten wajen yaƙar Holan. Da suka kama shi suka kai shi Silon, wato Siri Lanka ta yau, amma suka ga mahajjata na bi ta wurinsa suna ɗaukar saƙonsa zuwa gida. Sai a 1694 suka kawo shi Cape tare da iyali da almajirai su 49, suka ajiye shi a gonar Zandvliet, nesa da gari, don kada ya haɗu da bayi. Dabarar ba ta ci ba, domin wurin ya zama matattarar bayi da gudaddu. Ya rasu a ranar 23 ga Mayu, 1699. Sunan garinsu wurin ke amsawa har yau, kuma duk shekara a hutun Ista Musulmi kan kafa tantuna a can su yi kwanaki.

Abin mamaki shi ne, son zuciyar iyayengiji ya taimaka wajen yaɗuwar addinin. A 1770 aka yi doka cewa bawan da aka yi wa baftisma ba a sayar da shi. Masu bayi suka ga Kiristantar da bawa hasarar jari ce, suka bar ƙofa a buɗe ga malaman Musulunci. Na biyu kuma, manomin inabi ya fi natsuwa idan mai tsaron ɗakin giyarsa, ko mai koro keken shanu da ganguna zuwa birni, mutum ne da ba ya sha. Bawan kuwa ya sami abin da doka ta hana shi: malamin da zai ɗaura masa aure, ya raɗa wa ɗansa suna, ya yi masa sutura idan ya mutu.

Wanda ya ba al'ummar tsari shi ne Abdullahi ibn Ƙadi Abdussalam, ɗan sarautar Tidore, wanda ake kira Tuan Guru. An tsare shi a tsibirin Robben a 1780, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka. Bayan an sake shi a 1793 ya buɗe makaranta, aka kafa Masallacin Auwal a unguwar Bo-Kaap a 1794, shekara goma kafin a halatta wa Musulmi yin ibada a fili a 1804. Zuwa wajen 1840, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Cape Town Musulmi ne.

Stellenbosch da tukunyar baiwa

Daga Macassar, kogin Eerste ne zai kai matafiyi Stellenbosch, garin da Van der Stel ya kafa a 1679 ya laƙaba masa sunansa. Shi ya sa aka dasa itatuwan oak da suka rufe titunan garin. Ɗansa Willem Adriaan, wanda ya gaje shi a mulki, ya yanka wa kansa gandun Vergelegen a 1700, ya sa ma'aikata da bayin kamfani suka dasa masa kurangu kusan rabin miliyan, ya nemi mamaye kasuwa. Manoma suka kai ƙara Holan a ɓoye, aka tuɓe shi a 1707.

A nan ne baƙo kan zauna cin abincin rana, kuma abin da za a ajiye masa shi ne shaidar da ta fi kowace takarda ƙarfi. Matar maigida na ba da umarni, amma mai riƙe da ludayi baiwa ce daga Bengal ko Java ko Madagaska, kayan yajin kuma daga jiragen kamfani suke saukowa. Daga wannan madafa aka sami bobotie: niƙaƙƙen nama da aka soya da albasa da kori da zabibi, aka kwarara masa ƙwai da madara a sama aka gasa, ana cinsa da shinkafar da kurkum ya mayar rawaya. Akwai sosatie, naman rago da ake kwana da shi cikin miya mai tsami da zaƙi, a tsire shi a tsinke tare da busassun 'ya'yan itace a gasa a garwashi. Akwai bredie, dahuwar nama da tumatir a wuta kaɗan kaɗan har ƙashi ya saki. A lokacin sanyi akan yi shi da furen wata ciyawar ruwa da ke fitowa a tafkunan yankin. Kusa da kowane kwano akwai atjar ko blatjang, haɗin 'ya'yan itace da barkono da ruwan tsami, waɗanda asalinsu daga gabas suke.

Ita kanta gonar inabi tana ciyar da wanda ba ya shan giya. Akan dafa ruwan inabi har ya yi kauri ya zama moskonfyt, a shafa a burodi. Akan dafa 'ya'yan da sukari a ci da gasasshen kifin snoek, dogon kifin tekun Cape mai yawan ƙaya, wanda tun da can shi ne naman talaka. A lokacin kaka ana toya mosbolletjies, ƙananan burodi masu ƙamshi da a da ruwan inabin da ya fara tashi ne yis ɗinsu. Ga inabin hanepoot mai zaƙi da ake ci ɗanye. A unguwannin Musulmi kuma, safiyar Lahadi ta koesister ce, soyayyen ƙulli mai kirfa da citta da aka tsoma a ruwan sukari aka barbaɗe da kwakwa, sannan daren sha biyar ga Ramadan na boeber ne, madara mai ɗumi da taliya siririya da kayan ƙamshi.

Jikokin masu wannan girki sun zauna a tsakiyar Stellenbosch, a unguwar Die Vlakte, har 1964, lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ta ce unguwar ta fararen fata ce. Mutum kimanin 3,700 abin ya shafa, aka kwashe su zuwa bayan gari. Masallacinsu ya tsira, yana nan. Jami'ar garin, inda Hendrik Verwoerd, babban mai tsara wariya, ya yi karatu ya kuma koyar, ta karɓi wasu gine-ginen unguwar. Shekara bakwai bayan haka, a 1971, manoma uku, Frans Malan da Niel Joubert da Spatz Sperling, suka buɗe hanyar giya ta farko a ƙasar, bisa koyi da abin da aka gani a yankin Burgundy na Faransa. Wato ita kanta al'adar yawo gandu gandu ba tsohuwa ba ce, an haife ta ne a tsakiyar zamanin wariya.

Franschhoek da Pniël

Daga Stellenbosch hanya kan hau mashigin Helshoogte ta gangara zuwa Franschhoek, kwarin da a da ake kira lungun giwaye. A 1685 Sarkin Faransa Louis na 14 ya soke dokar da ta ba Furotesta 'yancin addini, dubbai suka gudu. Kimanin 200 daga cikinsu, waɗanda ake kira Huguenot, kamfani ya kawo Cape a 1688 da 1689, wasunsu daga yankunan noman inabi. An warwatsa su cikin manoman Holan, aka tilasta Holanci a makaranta da coci, kafin jikoki su girma Faransanci ya mutu. Abin da ya rage shi ne sunayen gandaye irin La Motte da La Provence, da sunayen zuriya irin Du Toit da De Villiers da Joubert. Waɗanda suka gudo daga zalunci ba su daɗe ba su ma suka sayi bayi.

Kafin a kai Franschhoek sai an ratsa ƙauyen Pniël, inda yawancin motoci ba sa tsayawa. Labarinsa ya faro ne daga zuwan Ingila, wadda ta karɓe Cape a 1795, ta mayar a 1803, ta sake karɓewa a 1806. Ta hana shigo da sababbin bayi daga 1808, sannan a 1813 ta rage wa giyar Cape kuɗin fito a kasuwar Landan. Manoma suka faɗaɗa gonaki a daidai lokacin da hannuwan aiki suka daina ƙaruwa, nauyin ya sauka a wuyan bayin da ke ƙasa, da Khoikhoi da dokar 1809 ta ɗaure a gonaki da takardar izinin tafiya. An yi bore a 1808 ƙarƙashin Louis, bawa ɗan asalin Morishus, aka sake yi a 1825 ƙarƙashin wani bawa mai suna Galant. Duka biyun an murƙushe su, an kashe jagororin.

An soke bauta a ranar 1 ga Disamba, 1834, amma aka ce bayin, su kimanin 38,000, su ƙara shekara huɗu suna yi wa iyayengijinsu aiki da sunan koyon sana'a. Ingila ta ware wa masu bayin Cape diyyar fam miliyan 1.2 da 'yan kai. Bawa bai sami ko taku ɗaya na ƙasa ba. Waɗanda suka sami mafaka sun same ta ne a ƙauyukan 'yan mishan irin Pniël, wanda aka kafa a 1843, ko a unguwannin Musulmi na birni. Saura suka koma gandayen da suka baro.

Tsugune ba ta ƙare ba. Dokokin 1841 da 1856 suka mayar da barin aiki kafin cikar yarjejeniya laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Abin da ya fi doka riƙe lebura kuwa shi ne tsarin dop: a biya shi wani ɓangare na ladansa da giya mara kyau, a ɗura masa sau da yawa a yini, tun daga safe. Manomi ya rabu da giyar da ba ta sayuwa, ya kuma sami ma'aikacin da jaraba ba za ta bar shi ya tafi ba. An haramta tsarin a takarda a farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990. Binciken likitoci da aka fara a garin Wellington a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa yankin na cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan yaran da giya ta nakasa tun suna ciki, masu tsumburewar jiki da raunin ƙwaƙwalwa.

Paarl: ƙwaro, ajami da ƙofar kurkuku

Kasuwar Landan ba ta ɗore ba. A 1861 Ingila ta janye gatan da ta ba giyar Cape bayan ta daidaita da Faransa kan ciniki. Gandun Groot Constantia kansa ya durƙushe, gwamnati ta saye shi a 1885. A 1886 kuma ƙwaron phylloxera, mai cin saiwar inabi, wanda ya riga ya halaka gonakin Faransa, ya bayyana a Cape. Maganin da aka samu shi ne a tuge kurangun a dasa saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, a yi mata aure da reshen inabin Turai, irin auren da ake yi wa mangwaro. Wasu manoman suka karye, attajiri Cecil Rhodes ya saye gandaye da dama a kwarin Drakenstein daga 1897, har da Boschendal, ya mayar da su gonakin 'ya'yan itace.

Waɗanda suka sake dasawa suka wuce gona da iri, giya ta yi yawa har ta rasa mai saye. Wannan ya haifi ƙungiyar gama kai ta manoma, KWV, a garin Paarl a 1918. Da goyon bayan doka ta riƙa yanke farashi, daga baya ta ƙayyade yawan abin da kowa zai noma, ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan arzikin fararen fata masu jin Afirkans. A wannan zamani ne Farfesa Abraham Perold na Stellenbosch ya haɗa irin Pinot Noir da Cinsaut ya fitar da Pinotage a 1925, irin da ƙasar ke alfahari da shi.

A kan dutsen Paarl akwai dogon gini da aka buɗe a 1975 don tunawa da ƙungiyar da aka kafa a garin a 1875 domin ɗaukaka harshen Afirkans. Harshen kuwa a madafa da gona ya girma, a bakin bayi da Khoikhoi da manoma, kuma tun kafin wannan ƙungiya almajiran makarantun Cape Town na rubuta shi da haruffan Larabci, wato ajami. Malamin Daular Usmaniyya Abubakar Effendi ya rubuta littafin fiƙihu, Bayanud Din, da wannan ajami, aka buga shi a Istanbul a 1877. Yana cikin littattafan farko da aka buga da harshen da daga baya aka mayar tutar wariya.

Tsakanin Paarl da Franschhoek, a tsakiyar gonakin inabi, kurkukun da a da ake kira Victor Verster yake. A nan Nelson Mandela ya yi watanninsa na ƙarshe a tsare, ta ƙofarsa kuma ya fito a ranar 11 ga Fabrairu, 1990. Kafin wannan rana ƙasashe da dama sun rufe kasuwanninsu ga giya da 'ya'yan itacen Afirka ta Kudu. Nijeriya na gaba gaba a wannan gwagwarmaya, har Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata. Da aka ɗage takunkumi, aka soke ƙa'idojin KWV a farkon shekarun 1990, abin da ƙasar ke fitarwa ya ninka sau da dama.

Bayan duwatsu

Mai sauri kan bi ramin Huguenot, mai tsawon kusan kilomita 4, wanda aka buɗe a 1988. Mai son tarihi kan bi ta Wellington ya hau mashigin Bainskloof, wanda Andrew Geddes Bain ya gama a 1853 da guduma da ƙarfin fursunoni. Ta can baya hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi ta Robertson da Montagu ta zama Hanya ta 62, wadda ta ratsa Barrydale da Calitzdorp har Oudtshoorn, garin jiminai. Garuruwanta sun yi barci bayan an karkatar da manyan motoci zuwa babbar hanyar bakin teku, wannan barcin ne kuma ya adana tsofaffin gine-ginensu har masu yawo suka gano su. Rumfunan bakin hanya, da ake kira padstal, na sayar da zabibi da busassun 'ya'yan itace na Montagu, da biltong, busasshen nama mai gishiri da kayan yaji, da burodin da aka gasa a garwashi, da shayin rooibos na duwatsun Cederberg.

Ɗayar ta shiga kwarin kogin Hex, cibiyar inabin ci da ake cikawa a kwali zuwa kantunan Turai. A garin De Doorns na wannan kwari ne leburori suka shiga yajin aiki a Nuwamba 2012, suka tare babbar hanyar N1, aka ƙona gonaki, aka rasa rayuka. Mafi ƙarancin lada a lokacin rand 69 ne a yini, su kuma suna neman 150. Gwamnati ta mayar da shi 105 daga Maris 2013.

Yau gonakin inabin giya sun kusa hekta 90,000. An sami baƙaƙen fata da suka shiga sana'ar da kansu, irin Ntsiki Biyela, mace baƙar fata ta farko da ta zama ƙwararriyar mai haɗa giya a ƙasar, wasu gandayen kuma sun buɗe ɗakunan tarihi da ke ambaton bayinsu da suna. Amma mafi yawan ƙasar tana hannun fararen fata, masu yankan inabin kuwa jikokin bayi da Khoikhoi ne, sai 'yan ci-rani daga Gabashin Cape da Lesotho da Zimbabuwe.

Don haka duk wanda Allah ya kai shi Cape Town, don karatu ko fatauci ko hutu, kada sunan giya ya sa ya ɗauka hanyar ba ta shafe shi ba. Ya bar kwalba ga masu ita, ya je Macassar da Constantia ya yi wa bayin Allah addu'a, ya tsaya a Pniël, ya ci bobotie na halal a Bo-Kaap a hannun jikokin masu shi. Idan kuma mai yi wa baƙi jagora ya fara lissafa sunayen iyayengiji, ya tambaye shi su wa suka yi noman, da nawa ake biyan magadansu a yini.